Likita ya ce ciwon abokinmu ya wuce magani, don Allah ku ba mu shawara

Dan_OkoOba:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan halin ya taimaka mana da abin da ya sani.

Akwai abokinmu da muke sana'a tare a mayankar Oko-Oba nan Agege, mutumin Katsina ne amma tun yana saurayi yake Legas, nan ya yi aure nan ya haifi 'ya'yansa huɗu. Tun bayan babbar sallah ya fara ramewa, abinci ba ya shiga, idonsa ya yi ɗorawa, kowa ya ce ciwon shawara ne aka yi ta ba shi jiƙe-jiƙe har ciki ya fara kumbura. Da aka je asibiti aka ɗebi jini aka yi hoto sai aka ce ciwon hanta ne nau'in B da ya daɗe a jikinsa bai sani ba, har ya rikiɗe ya zama kansar hanta. Aka tura mu LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, can ne likita ya ja ni gefe ni da ƙaninsa ya ce abin ya bazu, aiki ba zai yiwu ba, abin da ya rage a rage masa raɗaɗi a kula da shi.

Mun buɗe guruf a WhatsApp, mahauta da dillalan shanu da mutanen masallacinmu, kuma wlh mutane sun yi ƙoƙari, har yaran da ke tura baro suna kawo ɗari biyar ɗinsu. To yanzu kanmu ya rabu. Wasu sun ce a ƙara tara kuɗi a fitar da shi Indiya ko Masar, wasu sun ce a maida shi gida Katsina wurin mahaifiyarsa, wasu sun ce a bar shi nan kusa da asibiti. Kuma har yanzu ba wanda ya faɗa masa gaskiyar abin da likita ya ce. Jiya da na je na same shi a jingine da bango an tara masa filo uku don in ya kwanta numfashi gagararsa yake, amma a haka yana waya da yaronsa yana tambayar nawa aka saida bijimin nan. Da ya ajiye wayar ya kalle ni ya ce wai me likita ya gaya maka ne, na ce sauƙi na nan tafe in sha Allah, sai ya yi shiru kawai. Me ya kamata mu yi?

Nas_IdiAraba:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi sauƙi ya sa kaffara ne, ku kuma Allah ya saka muku. Ni ma'aikaciyar jinya ce, zan faɗi abin da ya shafi ɓangarena.

Malam, in likita ya ce ba a iya warkar da ciwo, ba yana nufin aikin asibiti ya ƙare ba ne. Ku koma ku ce a haɗa ku da masu kula da raɗaɗi da jinyar marasa lafiya irinsa, ku faɗa musu a fili cewa ba ya iya barci. Akwai mofin, maganin raɗaɗi mai ƙarfi, na ruwa da ake sha, likita ne kawai ke rubuta shi, kuma a kan lokaci ake bayarwa, ba wai sai ciwo ya taso mutum yana juyi sannan a ba shi ba. Mutanenmu suna jin tsoronsa wai zai sa maye ko ya gaggauta ajali, in dai an bi yadda likita ya tsara ba haka ba ne, mutum ne zai samu ya yi barci ya yi sallarsa ya yi hira da iyalinsa. Sai dai yana ɗaure ciki, don haka ku tambayi maganin da zai sa bayan gida ya riƙa fita. Kuma tunda hanta ce ta lalace kada wani ya ƙara ko ya rage awon da kansa.

Don Allah ku daina sayo masa diclofenac da ibuprofen a kemis, ga mai ciwon hanta suna iya jawo zubar jini a ciki su kuma taɓa ƙoda. Jiƙe-jiƙen ma a dakata, duk abin da ya sha hantar ce za ta yi wahalarsa ita kuma ta riga ta gaji. Ruwan da ya taru a cikin ana iya zuƙe shi a asibiti, zai sake taruwa amma yana samun sararin numfashi. In kuka ga aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin, ko ya fara ruɗewa yana surutai ko barcin da ba a iya tashinsa, ku kai shi asibiti a take. Abinci kuma kar a matsa masa, cokali biyu na kunu ko 'yar fura in ya nema ya wadatar, matan gida suna shiga damuwa sosai kan wannan har su yi ta ɗura wa mutum yana amai.

Sai abin da nake roƙonku kar ku yi wasa da shi, a gwada matarsa da yaran huɗu da 'yan uwansa da suke ciki ɗaya. Binciken da aka yi a ƙasar nan a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, yawanci ba su sani ba. Wanda ba shi da ita akwai rigakafi allura uku, wanda yake da ita akwai maganin da ke danne ta kafin ta kai ga haka. Ta jini ake ɗauka, da uwa zuwa jariri, da aska ko reza ɗaya, da saduwa. Ba a ɗauka ta cin abinci kwano ɗaya ko gaisawa, don haka kar a ware masa kofi ana ƙyamarsa. Ku ma da kuke aiki da wuƙa kullum hannu na yankewa, ku je a gwada ku.

Alhaji_Mile12:

Ɗan'uwa ni na ga wannan da idona a kan yayana, kansar hanji ce tasa. Muka saida fili a Zariya muka haɗa da jarin tumatir aka fita da shi, can ma abin da likitocin nan suka faɗa shi suka maimaita mana, muka dawo da shi a keken guragu ga bashi ga marayu ba a bar musu komai ba. Ban ce kar a nemi magani ba. Amma kafin ku kashe ko sisi ku ɗauki sakamakon gwaje-gwajen da hotunan ku kai wa wani likitan ciwon daji daban ya duba, in ma wajen kuke so ana tura takardu ta intanet su ba da amsa mutum yana gida. Ku yi hattara da dillalan da ke cewa ku kawo kuɗi kawai su sun san asibitin da ke warkar da komai, kamashonsu suke nema.

Kuɗin guruf kuma kar ya zauna a akawun mutum ɗaya, ku sa mutum uku, duk abin da ya shiga ko ya fita a rubuta a guruf kowa ya gani. Kuɗin jinya ya sha raba abokai. In ni ne, magani da kuɗin mota zuwa asibiti da cefanen gida su ne farko, sai kuɗin haya, kun san masu gidajen Legas ba sa jiran kowa.

Ibn_Alaba:

Ni gsky ban yarda a je a ce wa mutum ciwonka ba ya warkewa ba, likita ba shi ke da rai ba, mutum nawa aka ce sun gama yau suna yawo a gari. In kuka faɗa masa zuciyarsa ce za ta karye ya tafi tun kafin lokaci. A dage da addu'a da zamzam da ruƙiyya, ba a yanke ƙauna daga rahamar Allah.

Malamin_Zaure:

Ibn_Alaba, maganarka ta addu'a gaskiya ce, a ci gaba da ita dare da rana, ba wanda ya san ranar wani sai Allah kuma ba wanda zai je ya yanka masa kwanaki. Amma ka duba, mutumin nan ɗan kasuwa ne, harkar shanu kuma yawanci da baki ake yinta, wane ya karɓi kaya bai biya ba, wane ya ba da ajiya, duk a kansa suke ba a takarda ba. In aka rufe shi da "sauƙi na nan tafe" har hankalinsa ya gushe, wa zai warware wannan? Hadisi ya zo cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Kuma a hadisin Ibn Umar an ce bai kamata musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba, wannan ma ga mai lafiya ke nan. Haƙƙinsa ne ya sani.

Yadda za a faɗa shi ne abin lura. Kar a yi taro a kansa. Mutum ɗaya da yake jin nauyinsa ya zauna da shi, ya fara tambayarsa shi me yake ji a jikinsa, me yake tunani, sau da yawa za ka tarar ya riga kowa sani, yana shiru ne don kar ya tayar wa iyali hankali su ma suna shiru don kar su tayar masa, kowa na kuka a ɓoye. In ya nuna ba ya son jin bayani dalla-dalla a ƙyale shi, a ce dai ciwon mai nauyi ne ya kamata a kintsa al'amura. A rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi da shaidu biyu. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya kuma ba a yi wa magaji.

Sallah kuma a sauƙaƙa masa, in ba ya iya tsayuwa ya zauna, in ba ya iya zama ya yi a kishingiɗe, in ruwa na wahalar da shi ga taimama. Masu zuwa dubiya su taƙaita, su yi masa addu'a su faɗi alheri su tashi. In lokaci ya matso a riƙa faɗin kalmar shahada a hankali kusa da shi yana ji, ba a tsare shi ana ce faɗi ce faɗi ba.

Maman_Khalifa:

Duk kun yi maganar shi ba wanda ya tuna da matar. Baiwar Allahn nan ita ke wanke shi ita ke juya shi cikin dare ita ke shirya yara makaranta, sannan maza goma su cika ɗaki ɗaya a zauna tun la'asar har isha ita tana tsakar gida tana dafa musu shayi. Haba. Ku tsara kwana a tsakaninku, yau wane gobe wane, ta samu ta runtsa. Matanku su karɓi girki da wanki bi da bi, wata ta riƙa ɗaukar ƙananan yaran ranar Asabar. A sayo katifar iska in da hali da ledar shimfiɗa, a riƙa juya shi duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya. Kuma a tambaye ta ita ma me take so, in ta Allah ta kasance wata huɗu da kwana goma za ta yi a ɗaki, a ina za ta yi, wa zai ciyar da su, gara a yi maganar yanzu da kunya a kan a bar ta da yara huɗu a gidan haya. Ni ina Dopemu, in ana buƙata zan je in gan ta.

Direba_Ijora:

Kan zancen kai shi gida, ni hanyar nake bi. Legas zuwa Katsina ya haura kilomita dubu, ko ka bi ta Ilorin da Jebba da Mokwa ko ta Lokoja da Abuja kwana ake a hanya, ga ramuka ga shingaye. Mai kumburin ciki ba zai iya zaman bas ba sam. In har za a tafi to a tafi yanzu da sauran ƙarfinsa, jirgi zuwa Kano bai kai awa biyu ba sai a ƙarasa da mota, amma ku karɓi takardar likita don kamfanin jirgi na iya tambaya. Kuma ku tabbatar akwai inda zai riƙa samun maganin raɗaɗin a can kafin ku ɗaga.

Dan_OkoOba:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Daren jiya limaminmu ya zauna da shi su biyu. Ashe kamar yadda Malam ya faɗa ya sani, cewa ya yi tun ranar da ya ga idon ƙaninsa a asibiti ya gane. Ya yi kuka, daga baya ya sa aka ɗauko littafi ya lissafo mutum bakwai da suke binsa da waɗanda yake bi, ya ce waje kam ba zai je ba kar a taɓa gidan da ya fara ginawa a Katsina na yara ne. Tafiya gida ma ya ce a'a, yara na tsakiyar zangon karatu, mahaifiyarsa yake so a kawo masa, ƙaninsa zai tafi ɗauko ta jibi.

Ibn_Alaba addu'a ba mu fasa ba, ana yi bayan kowace sallah. Mun sa mutum uku kan kuɗin kamar yadda Alhaji ya ce, an fitar da jerin masu kwana. Maman_Khalifa zan turo miki saƙo ta akwati. Nas don Allah gwajin yaran sai an je da su da safe ba su ci komai ba ne, ko ko yaushe ana iya yi? Ranar Litinin muke son kai su tare da uwarsu.