Sababbin shiga Linux suna gudu bayan kwana biyu, ta ina za mu fara taimaka musu?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da Microsoft ta daina sabunta Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, masu tsofaffin kwamfutocin da ba su da na'urar tsaro ta TPM 2.0, waɗanda Windows 11 ba ta karɓa, sai tururuwa suke yi zuwa Linux, wani tsarin sarrafa kwamfuta da ke maye gurbin Windows. Amma da yawansu ba sa jimawa suke komawa. Mai taimako da me zai fara, me kuma zai kauce wa?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam Malam. In baƙo ya ce wane nau'in Linux zai ɗora, a ba shi suna ɗaya tak. Jero masa goma ruɗa shi ne kawai. Linux Mint 22 ya wadatar: a kan Ubuntu 24.04 aka gina shi, kuma za a ci gaba da sabunta shi har 2029. RAM 2GB na iya tayar da shi, amma sai da 4GB ake samun sukuni, mai ƙaramar na'ura kuwa ya ɗauki Mint mai fuskar Xfce, wadda ba ta da nauyi, ya bar mai fuskar Cinnamon. Wanda ya zo da kwaɗayin Kali Linux a gaya masa gaskiya, don masu gwajin tsaro aka yi shi.

Kuma kada ya ɗora komai a ranar farko. Ya samu filashi mai 8GB, ya rubuta masa fayil ɗin ISO na Mint (fayil ɗin da ake ɗora tsarin da shi) da manhajar Rufus ko balenaEtcher, a tuna masa cewa duk abin da ke filashin zai goge. Ya kunna kwamfutar daga filashin, galibi ana danna F12 lokacin kunnawa a Dell da Lenovo, F9 a HP, ya gwada Wi-Fi, sauti, kyamara da firinta tukuna.

Amsa ta biyu: Ɗan'uwa, abin da ke korar mutum har abada shi ne asarar fayiloli. Kada ka ba kowa matakin ɗorawa sai ya tabbatar maka ya kwafe kayansa a wani faifai na waje, domin zaɓin "Erase disk" faifan gaba ɗaya yake sharewa, har da Windows.

Mai son riƙe Windows da Linux duka a kwamfuta ɗaya yana da tarkuna. Fast Startup na Windows ba ya kashe na'urar sarai, yana barin faifan a kulle, shi ya sa Linux zai karanta fayilolin amma ya ƙi rubutu a wurin. A kashe shi tun daga Windows. In BitLocker, makullin faifai na Windows, na kunne, ya rubuta mabuɗin ceto mai lamba 48 a takarda kafin ya taɓa BIOS, wato saitunan tushe na kwamfutar, in ba haka ba Windows na iya neman sa ya rasa. In manhajar ɗorawa ba ta ga faifan ba kwata-kwata, yawanci saitin faifan a BIOS yana kan Intel RST ne, sai an mayar da shi AHCI. A nan a bi a hankali, canzawa kai tsaye ba tare da an shirya Windows ba na iya hana ta tashi. Agogo ma zai riƙa kaucewa, saboda Linux na ajiye lokacin na'ura a UTC, wato lokacin duniya na bai ɗaya, Windows kuwa a lokacin gari. Wannan ƙarami ne, umarnin `timedatectl set-local-rtc 1` a Linux na gyara shi.

Amsa ta uku: Yaya, ni yadda ake amsawa ne ya fi damuna. "Wi-Fi ba ya aiki" ba bayani ba ne, amma baƙo bai san abin da zai ƙara ba. Maimakon faɗa, a ce ya buɗe Terminal, tagar rubuta umarni, ya rubuta `inxi -Fxxxz` ya turo sakamakon a rubuce. Harafin z ɗin na ɓoye bayanan sirri irin su adireshin MAC, wato lambar shaidar katin intanet. In katin Wi-Fi ɗin na kamfanin Broadcom ne, ya jona wayarsa da kebul ɗin USB don samun intanet, ya buɗe Driver Manager ya ɗora direban.

Duk umarnin da za ka ba shi, ka faɗi abin da yake yi, musamman mai farawa da `sudo`, wanda ke ba umarni cikakken iko a kan tsarin. Ka sanar da shi tun farko cewa kalmar sirri ba ta bayyana a Terminal yayin rubutawa, a Mint taurari (*) kawai ke fitowa, kuma liƙawa da Ctrl+Shift+V ake yi. Sannan ya kunna Timeshift, manhajar da ke mayar da tsarin yadda yake a da in an yi ɓarna, kafin a fara gyare-gyare, amma ya sani fayilolin tsari yake adanawa, ban da takardunsa da hotunansa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Mai dogaro da Microsoft Office fa?

Mai amsa ta farko: Kada a yi masa alkawarin da babu, Malam. Office da Photoshop ba su da sigar Linux. Ya ɗora LibreOffice, madadin Office da ke aiki a Linux, a kan Windows ɗinsa, ya buɗe ainihin fayilolin aikinsa ya gani. In teburan Excel ɗinsa cike suke da macro, wato ƙananan umarnin da ke yin aiki da kansu, ya riƙe Windows a gefe ɗaya na faifan.