Sauya moto a injin yanke ciyawa mai batir

Mai Lambu, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Ina da injin yanke ciyawa mai igiyar roba, wanda yake aiki da batir mai volt 18. Makon jiya ina cikin rage ciyawar da damina ta tayar a gindin katanga sai ya fara ƙauri, ƙarfinsa ya ragu, daga baya ya tsaya cak. Shin ana iya sauya moton kaɗai, ko kuwa sai dai in haƙura in sayi sabon inji?

Mai Gyaran Fanka, Daura:
Wa alaikumus salam, Malam. Ana sauyawa, amma kada ka kashe ko sisi sai ka gwada batirin da makunnin da mitar awon wuta, domin cikakken batir irin wannan yakan nuna kusan volt 20. Idan lafiyarsu ƙalau, ka cire batirin, ka buɗe kan injin, ka ƙirga wayoyin da suka shiga moton. Idan biyu ne, moto ne mai kabon, wato 'yan guntayen gawayin da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa, kuma aikinsa da sauƙi. Idan uku ne masu kauri, to marar kabon ne, wanda allon lantarki ke sarrafa shi, kuma mai yiwuwa allon ne ya ƙone, ba moton ba.

Mai Lambu:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Wayoyi biyu ne, an rubuta 550 a jikin moton. Ban sani ba ko yana da nasaba, amma tun farkon damina na cire kariyar da ke bayan igiyar domin ta riƙa cin wuri mai faɗi.

Dattijon Ƙofar Marusa:
Ai ka riga ka faɗi cutar da bakinka, ɗana. A jikin kariyar nan akwai ƙaramar reza da take datse igiyar daidai tsawon da moton zai iya ɗauka, kuma da zarar igiyar ta zarce haka, sai ya riƙa jan wuta fiye da ƙima har koyil ɗinsa ya ƙone. Ka tafi kasuwa da tsohon a hannunka, ka nemi mai lambar girma 550 kuma mai volt 18, kada wani ya lallashe ka da 775 wai ya fi ƙarfi, saboda kaurin sandarsa mai juyawa milimita 5 ne, na taka kuwa 3 da ɗoriya, kuma ba zai zauna a mazauninsa ba. Kafin ka narkar da dalma ka ɗauki hoton wayoyin, domin idan ka sauya musu wuri moton zai juya baibai. Wajen mayar da kan da ke riƙe igiyar, ka tokare ƙarshen sandar ta baya kafin ka danna, kada ka buga da guduma. Sannan ka mayar da kariyar tun kafin ka kunna shi karon farko.