Links: wace kalma za mu ba wannan filin golf a Hausa?

1/ Jama'a, ina neman taimakonku a kan kalma ɗaya. Ina rubuta bayani kan tsohon filin golf na garin St Andrews da ke gabashin Sikotlan, sai kalmar links ta tsaya mini a gaba. Ba kowane filin golf ake kira haka ba. Idan na rubuta "filin golf" kawai, na zubar da abin da ya bambanta wurin da sauran.

2/ Wani ɗan'uwa ya ce in sa "mahaɗa", don ƙasar ta haɗa teku da gonaki. Na gode, amma kalmar ba ta da dangantaka da mahaɗar intanet. Tushenta hlinc ne a tsohon Ingilishi, ma'ana tudu ko ƙasa mai hawa da gangara. Sunan irin ƙasa ne tun kafin ya zama sunan filin wasa.

3/ Ga yadda ƙasar take. Ziri ne na yashi a bakin teku, iska ta tara shi tudu-tudu, gajeriyar ciyawa mai tauri ta rufe shi. Kusan babu bishiya, sai ƙayoyi masu furen rawaya. Ruwan sama ba ya kwanciya, nan take yake tsanewa, shi ya sa ƙasar ke da tauri, ƙwallo kuma ke gangarawa da nisa bayan ta faɗi. Manoma ba su ga amfaninta ba, sai aka bar wa tumaki da zomaye. A wurin da garma ta ƙi, nan mutanen gari suka riƙa buga ƙwallo da sanda.

4/ Wannan ne ya sa ban yarda da "lambun golf" ba, ko da yake na san wasu na kiran wasan kansa ƙwallon lambu. Lambu wuri ne da ake shukawa, a yi masa ban-ruwa, a kewaye shi. Sunan ya dace da filayen cikin ƙasa masu bishiyoyi da tafkunan da aka haƙa. St Andrews kishiyar haka ne: iska da yashi da dabbobi ne suka fara tsara shi, hannun mutum daga baya ya zo.

5/ Tarihin ma na ƙasar gari ne. A 1457 Sarki James na Biyu ya hana golf a Sikotlan saboda ya ɗauke hankalin maza daga koyon harbin baka. A 1552 babban limamin coci John Hamilton ya tabbatar a rubuce cewa mutanen St Andrews na da ikon yin wasa a wannan fili. Har faɗa aka yi a kansa: a 1797 hukumar garin ta shiga matsin kuɗi, filin ya faɗa hannun masu kiwon zomaye, aka yi ta shari'a da 'yan wasa har 1821, lokacin da James Cheape ya saye shi, wasa ya tsira.

6/ Kulob ɗin golf na garin kuwa mutum 22 ne suka kafa shi a 1754. A 1834 Sarki William na Huɗu ya zama uban ƙungiya, sunanta ya koma Royal and Ancient. A nan ne a 1764 aka rage gurabe, wato ƙananan ramukan da ake jefa ƙwallo, daga 22 zuwa 18, adadin da duniya ta bi har yau. Sai a 2014 'yan kulob ɗin suka amince su karɓi mata, kuma a ganina sun makara ƙwarai. Abin da ya fi burge ni shi ne filin ba mallakar kulob ba ne, wata hukumar amintattu ke riƙe da shi don jama'a. Ranar Lahadi, in ba ana babbar gasa ba, ba a wasa. Iyalai ne ke yawo a kai, suna ɗaukar hoto a kan ƙaramar gadar dutse ta Swilcan.

7/ To, ga shawarata: jigawa. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san bambancin jigawa da fadama. Fadama na riƙe ruwa, jigawa yashi ce mai ɗan tudu, ruwa na shigewa. Kusan ma'anar hlinc ke nan, kuma ita ma sunan ƙasa ce. Sai mu ce "jigawar gaɓa" ga ƙasar, "golf na jigawa" ga salon wasan, inda ake buga ƙwallo ƙasa-ƙasa don kada iskar teku ta tafi da ita.

8/ Na san abu biyu da za a ce. Na farko, mai karatu zai zaci Jihar Jigawa ake nufi. Gaskiya ne, amma jihar ce ta ari sunan daga ƙasar, kuma "gaɓa" da ke biye ta raba gardama. Na biyu ya fi ƙarfi: jigawarmu ana nomanta, gero da gyaɗa suna son ta, ta Sikotlan kuwa ba a noma. Na karɓi wannan. Sai dai gishirin teku da iska ma na da hannu wajen hana noman, ba siffar ƙasar kaɗai ba.

9/ Wata 'yar'uwa ta kawo "rairayin gaɓa". Yana da daɗin ji, amma hoton da yake kawowa shi ne farin yashin da igiyar ruwa ke lasa, ba ciyawa. Ba a can ake wasan ba, a bayansa ne.

10/ Na gwada a jimla: "A 1873 aka fara buga babbar gasar golf ta Open a jigawar gaɓar St Andrews, kuma a can aka yi karo na 150 a 2022." A kunnena ta zauna. Ƙananan ramukan da ake jefa ƙwallo na kira su gurabe, kamar na dara, don kada su cakuɗe da ramukan yashi 112 da ke tarko a filin. Mutanen Gumel, Kazaure da Damagaram, ku ne ma'abota wannan ƙasa. Idan a bakinku akwai wata kalma ta daban ga tudun yashi mai ciyawa wanda ake kiwo a kai ba a noma, ku kawo ta kafin in miƙa rubutun.