Zan kawo iyalina cikin birnin Kano: wane lokaci ya fi dacewa, kuma a ina za mu ci abincin gargajiya?

Jikan Fatake, daga Kumasi:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ni haifaffen zangon Kumasi ne, amma kakanmu Ba'agale ne, wato cikin Agalawa fataken Kano, da fataucin goro ya raba shi da Kano, ya yi aure a nan, a nan kuma Allah ya yi masa rasuwa. Ina da niyyar kawo maiɗakina da yaranmu su ga garin da muke kira namu, kuma abin da nake so su gani shi ne cikin Badala, wato tsofaffin unguwanni, domin manyan kantuna da otal-otal muna da irinsu a nan. Shin a lokacin Sallah ya kamata mu zo saboda hawa, ko akwai wani lokacin da ya fi? Sannan a ina baƙo zai sami abincin Kanawa na ainihi? Allah ya saka da alheri.

Ɗan Badala:

Wa alaikumus salam, Alhaji, sannu da ƙoƙarin sada zumunci. Shawarata ita ce ku zo da Sallah, domin babu lokacin da birni yake fito da abin da ya mallaka kamar waɗannan kwanaki. Ranar idi Sarki yakan tafi filin Ƙofar Mata a ƙasa, ya komo fada a kan doki. Washegari da la'asar ake Hawan Daushe, wanda a ganina shi ne ya fi cancanta yara su gani: Sarki yakan je Babban Ɗaki gaida mahaifiya, ya ratsa unguwanni, sannan ya tsaya a Ƙofar Kudu hakimai su yi ta zuwa jafi ɗaya bayan ɗaya, kowa da zuriyarsa da irin adon gidansu, ga 'yan lifida, ga 'yan bindiga suna ta ɓarin albarushi, ga kakaki da algaita. A rana ta uku ake Hawan Nasarawa, daga baya a rufe da Hawan Ɗorayi idan ƙaramar Sallah ce, ko Hawan Fanisau idan babba ce. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ta amince da su.

Sai dai ka bincika sosai kafin ka yanki tikiti, saboda a 'yan shekarun nan an sha dakatar da hawan sakamakon takaddamar masarauta. Kuma ƙaramar Sallah yanzu cikin bazara take faɗowa, don haka ku tanadi ruwa, ku nemi wurin tsayawa mai inuwa tun kafin hanyoyi su cushe, ku riƙe hannun ƙananan yara da kyau domin dawaki ba su san baƙo ba.

Inna ta Jakara:

Ɗana, maganar hawa na bar wa maza, ni kan abinci zan tsaya. Ka fara da gurasa, kuma ka zo unguwarmu da sassafe, lokacin da ake fitar da ita daga tanderu. Tun dare ake kwaɓa fulawa da yis a rufe ta ta tashi, da asuba a hura kara a cikin tanderun har ya yi jawur, sannan mace ta jiƙa hannunta ta riƙa manna curin a jikin bangonsa daga ciki, ta ɓamɓaro shi idan ya gasu. Wadda aka ci da ɗuminta daban take da wadda ta yini a tire a bakin titi. Idan bandashe kuke so, za a tsoma gurasar a ruwa ta yi laushi, a barbaɗa garin ƙuliƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir a kai. Ku ce a sassauta yajin saboda yara.

Kilishi kuwa Agadasawa za ku nufa, ku saya a hannun masu shanya shi da kansu. Waina da miyar taushe, da ɗanwake, da koko da ƙosai, kusan kowane lungu akwai gidan da aka san shi da su, kuma ba za ka ga allo a ƙofar gidan ba, yaran da ke tsaye da kwanuka su ne alamar. Amma alkaki da nakiya da dubulan, waɗannan kayan gara ne, sai an ba da saƙo ake yin masu kyau, domin alkaki kaɗai sai an ɓarza alkama, an bar ta ta yi tsami, an murza, an soya, sannan a tsoma a zuma ko ruwan sukari. Funkaso da alkubus ma a cikin gida suka fi daɗi. Saboda haka ka nemi dangin kakanka tun kafin ka taso, ko da zumuncin ya yi nisa. Bakano ba ya barin baƙonsa ya ci abincin saye, kuma maiɗakinka za ta shiga cikin gida ta ga yadda ake yi da idonta, abin da kai namiji ba za ka wuce zaure ka gani ba.

Almajirin Madabo:

Alhaji, tare da girmama ra'ayin Malam Ɗan Badala, ni ban goyi bayan zuwan farko ya kasance da Sallah ba. A kwanakin nan kasuwa ba ta ci sosai, masu sana'a suna hutu, kowa hankalinsa yana kan doki, alhali kai ka ce unguwanni kake so 'ya'yanka su sani. Unguwa kuwa a ranakun da ba a shirya wa kowa komai ba ake gane ta. Bayan magariba za ka ga magidanta sun shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, kowa an fito masa da kwanonsa, a haɗa a ci tare. Wannan ciyayya ita ce ta riƙe maƙwabtaka a cikin birni, domin a nan ake jin wanda ba shi da lafiya, a nan ake sasanta masu saɓani, a nan ake tsara gudummawar biki ko suna. Tana raguwa, musamman da masu hali suka koma sababbin unguwanni masu katanga da ƙyaure, kuma wannan yana damuna ƙwarai, amma har yanzu ana yi.

Ku bi birnin a ƙafa, sunayen unguwannin da kansu za su karantar da yaran. Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan arewacin Afirka suka zauna, Sharifai da ake dangantawa da zuriyar Shehu Maghili: duk baƙi ne da fatauci ko ilimi ya kawo su suka zama 'yan gari, kamar yadda kakanku ya zama ɗan Kumasi. Kasuwar Kurmi da fadar Sarki duk ana danganta kafa su da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma har gobe akwai rumfunan dukawa da masu kayan doki da 'yan turare a Kurmi. A marinar Ƙofar Mata ku roƙi marini ya nuna muku yadda zane yake fitowa kore daga karofi, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonku, sannan ku leƙa mabuga, inda ake bugun zanen da aka rina. Karofi da yawa sun daina aiki, haka ma ganuwar da aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu an cinye ta da gine-gine a wurare da dama, shi ya sa nake ganin kada ku jinkirta. Gidan Makama, wato gidan adana kayan tarihi, yana kusa da fada, ku fara da shi domin yaran su sami shimfiɗa.

Idan kuma lallai kuna son taro, ku duba Takutaha, mako guda bayan Mauludi, ranar da yara da manya suke hawa Dutsen Dala cikin sababbin kaya, ana dafa abinci ana rabawa a gidaje. Daga kan dutsen ana hango birnin gaba ɗaya.

Jikan Fatake, daga Kumasi:

Na gode muku baki ɗaya, Allah ya bar zumunci. Inna, maganarki ta sa na kira wani baffanmu da ke nan, ya ce yana da labarin gidan da kakanmu ya fito, kuma zai haɗa ni da su. Malam Almajirin Madabo, hujjarka ta fi kwanta mini, don haka za mu daidaita tafiyar da watan Mauludi. Abin da ya rage shi ne tsaraba: me ya dace in riƙa wa dattawan gidan?

Inna ta Jakara:

Ɗana, daga ƙasar goro za ka taso, kuma jikan mai goro ne kai, don haka ka zo da goro mai kyau, fari da ja, a lulluɓe da ganye yadda ba zai bushe a hanya ba. Ka haɗa da turmin atamfa ga uwargidan gidan, da turare ga maigida. Ka miƙa wa babba a zaure, shi zai raba.