Neman shawara: gurbin digiri na biyu kan farfaɗo da dajin kiwo a yammacin Amurka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san hanya ya taimaka mini, abin ya tsaya mini cak.

Na karanta kimiyyar tsirrai, kuma ina son yin digiri na biyu kan maido da tsirran asali a dazukan kiwo na jihohin Nebada, Yuta, Aidaho da Oregon. Shukar da ta mamaye wurin, Artemisia tridentata, dangin tazargade ce. Abin da ke cinye ta wata baƙuwar ciyawa ce, Bromus tectorum, wadda ke bushewa da wuri. In gobara ta tashi, sai ciyawar ta dawo da ƙarfinta, shukar asalin kuwa ba ta tohowa daga saiwa, sai dai daga iri. Wannan ya taɓa ni, don da hannuna na shuka gamba a ramukan rabin-wata masu tara ruwan sama, na ga yadda fako ke komawa kore.

An ce mini a can tallafin karatu yawanci daga kuɗin binciken farfesa yake fitowa, sai ya amince da kai tukuna. Na rubuta wa malamai 9 tun watanni uku da suka wuce, shiru kake ji.

Shin wasiƙar ce ba ta yi ba, ko lokacin ne na kuskure? Aikin gamban nan zai shiga lissafi, tunda su ruwansu galibi na hunturu ne da ƙanƙara? Kuma lasin tuƙi dole ne kafin a ɗauke ka aikin daji?