Neman agaji: township, turnpike da stay law, me za mu ce da Hausa?

Mai_Fassara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah a taimaka min da gaggawa, gobe ƙarfe goma za mu naɗi shirin tarihi a rediyo kuma ni aka ba fassarar. Magana ce kan dokokin farko da majalisun Kentaki da Ohayo na Amurka suka yi bayan sun zama jihohi, Kentaki a 1792 Ohayo a 1803. Kalmomi uku sun tsaya min a wuya, township, turnpike da stay law, ta ƙarshen ta fi damuna. Bayan karayar arzikin 1819 manoman da suka ci bashi suka sayi filaye sun rasa na biya, sai majalisar Kentaki a 1820 ta yi doka cewa in mai bin bashi ya ƙi karɓar takardun kuɗin bankin jihar to sai ya jira shekara biyu kafin a sayar da kayan wanda yake bi. Na rubuta dokar yafe bashi amma raina bai kwanta ba.

Baban_Ummi:
Wa alaikumus salam. Goge yafe ɗin nan malam, ko sisi ba a yafe ba, lokaci kawai aka ƙara. Ka ce dokar ɗaga ƙafa, ko a kasuwa haka ake cewa ɗaga min ƙafa zuwa kaka. Township kuma gunduma tunda county mun saba ce mata ƙaramar hukuma.

Malama_Hausa:
Gunduma ta yi amma ka faɗa sau ɗaya cewa ba hakimi a ciki. A Ohayo a wancan lokacin mutanen wurin ne ke zaɓen wakilansu da mai kula da hanya da mai kula da matalauta, kuma da yawa daga cikin gundumomin mil shida ne tsawo mil shida faɗi tun awon ƙasa na 1785. Kar dai ka bar kalmar township yadda take, sbd a nan dokar Lugga ta 1917 ta ba ta wata ma'ana daban, unguwannin da aka cire daga hannun sarki, mai saurare a Kaduna ko Jos ma filin ƙwallo na Township Stadium zai tuna.

Ɗan_Damagaram:
Turnpike ai hanyar da ake biya a wuce ce, mu nan peyaj muke cewa, ku kuma tolget.

Dattijon_Katsina:
Subhanallahi. Peyaj Faransanci tolget Ingilishi, ina Hausar take? Fatake sun biya kuɗin fito tun kafin Bature ya zo, a ce hanyar fito. Batun bashi kuwa ɗaga ƙafa maganar kasuwa ce ba ta dace da sunan doka ba. Ni na daɗe ina tunani a kan irin wannan, sunanta DOKAR TALALA. Ku duba da kyau, dabbar da aka yi wa talala ba a sake ta ba, igiyar aka tsawaita ta ɗan yi kiwo, turken yana nan. To haka manomin Kentaki, bashin na wuyansa igiyar ce ta kai shekara biyu. Wace kalma ta fi wannan?

Baban_Ummi:
Baba hikimar ta yi kyau wlh, matsalar ɗaurin talala ya riga ya zauna a labarai, kowa ya ji zai ɗauka tsare masu bashi aka yi a gidajensu. Kuma shirin zai taɓo ɗaure masu bashi a kurkuku da Kentaki ta soke a 1821, ka ga sai abu biyun su cakuɗe a kunne.

Dattijon_Katsina:
Don 'yan jarida sun ƙuntata kalma sai mu bar musu ita? Talala ta girmi gidan rediyo. Abin da ke kashe harshen nan kenan, duk abin da ba a ji a BBC ba sai a ce ba Hausa ba ne.

Ɗan_Damagaram:
Baba da girmanka, amma kai ma doka da fito ka yarda da su don a bakinku suke. In mu muka kawo kalma sai a ce Faransanci ne, in ku kuka ce kotu da banki da gwamna sai a ce Hausa ce ta daidaito. Mutum miliyan nawa ke jin Hausa a Maraɗi da Tawa da Zinder, kullum mu ne 'yan rakiya?

Malama_Hausa:
Wannan ƙorafin gaskiya ne kuma ya kamata a buɗe masa zaure nasa. Amma fito ma yana da matsala Baba, yanzu kuɗin fito harajin kwastan ne a kunnen mutane, ko kuma kwalekwale. Hanyar Maysville zuwa Lexington da shugaba Andrew Jackson ya hau kujerar na ƙi kan saka mata kuɗin tarayya a 1830 kamfani ne ke gina ta ya kafa shinge yana karɓar kuɗi. Hanya mai shingen biya ta wadatar, ba Ingilishi ba Faransanci.

Mai_Fassara:
Jama'a dare na yi. Ga jimlar da nake son in gama: a 1823 babbar kotun Kentaki ta ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki don ta taɓa yarjejeniyar da ke tsakanin mai bashi da mai bi, majalisa ta fusata ta rushe kotun a 1824 ta kafa sabuwa, aka zauna da kotu biyu kowace na cewa ita ce halattacciya har 1826. In na sa talala a nan sai an tsaya dogon bayani kuma minti goma sha biyar ne shirin duka.

Baban_Ummi:
To ka ce dokar jinkirta biyan bashi a farko, daga baya ka riƙa cewa dokar ɗaga ƙafa. Ma'anar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, aya ta 280 a Baƙara ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu yalwa. Bambancin kawai can majalisa ce ta tilasta.

Dattijon_Katsina:
Jinkirta biyan bashi bayani ne ba suna ba, kalma uku inda ɗaya ta isa. Amma tunda yaron nan na da aiki gobe ba zan tsare shi ba. Shingen biya na karɓa, ya fi tolget. Talala kuwa ban janye ba, ina roƙon ko sau ɗaya ka ce an yi wa masu bashi talala, ka ji ko masu saurare za su kira su ce ba su gane ba.

Mai_Fassara:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na sa gunduma da hanya mai shingen biya da dokar ɗaga ƙafa. Baba zan gwada jimlar talala a wurin da ake bayanin shekara biyun, in furodusa ya bari.

Ɗan_Damagaram:
Maganata dai ba a amsa ba, Malama ina jiran zauren da kika ce.