Uba na raye amma ba ruwansa da kai: yaya kuka yi?

'Yar Aboabo:
Assalamu alaikum. Shekarata 16, bana zan rubuta BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare. Babanmu yana nan Kumasi, lafiyarsa ƙalau, amma tun da ya ƙara aure ya koma unguwar Sawaba ko kuɗin koko ba ya aikowa. In na kira, sai "zan turo ta momo", shiru. Mamanmu ke riƙe da mu da sayar da waake. Kowa cewa yake in yi haƙuri, ina kuwa yi. Ku da kuka bi ta nan, me kuka yi bayan haƙurin?

Yaya daga Asawase:
Ƙanwata, ni uwa ce ma ta yi mini haka. Muna ɗaki ɗaya, amma ko zazzaɓi nake ba ta tambaya. Yunwa ba ta dame ni kamar wannan ba. Na daɗe ina zaton wani laifi na yi, alhali ba laifina ba ne, ke ma ba naki ba ne. Gwaggona ce ta tsamo ni. Ita ta sabunta mini katin NHIS na inshorar lafiya, ita take zuwa makaranta in an kira iyaye. Nemi babba guda ɗaya mai amana ki faɗa masa komai, kar ki rage.

Bakanike daga Tafo:
A zamaninmu sakandare da kuɗi ake yi, babu mai biya mini, sai na tafi Suame Magazine koyon gyaran mota. Ke kin samu sa'a, tun 2017 ba a biyan kuɗin SHS, wato babbar sakandare, a makarantun gwamnati. Katifa, akwati da bokiti ne matsala, ki fara sanar da dangi tun yanzu.

Maman yara, Alabar:
Mu sai da aka kai ga hukuma. Mamata ta fara da kawunmu, sannan liman, sannan Sarkin Zango. Baba ya yi alkawari gaban kowa, wata biyu ya daina. Daga nan ta tafi ofishin soshiyal welfeya. Dokar yara ta 1998, Act 560, ta ɗora wa iyaye ci, lafiya da karatun ɗa, kotun iyali kuma tana iya yanka wa uba kuɗin wata. Unguwa ta yi ta cewa mun tona masa asiri. Ya yi mana zafi sosai, amma da kuɗin nan na gama makaranta.

Wani dattijo:
'Yata, kar a yi gaggawar zuwa kotu. Albarkar uba ba abin wasa ba ce.

Maman yara, Alabar:
Gaskiya ne Baba, shi ya sa muka fara da manya. Amma ciyarwa wajibi ce a kansa, ko a addini.

Yaya daga Asawase:
Na manta: duk namijin da ya fara turo miki kuɗi don ya ji babanki ba ya yi, ki nuna wa Mama saƙon a ranar.

'Yar Aboabo:
Na gode, Allah ya saka. Babanmu yana jin maganar yayansa. Ranar Juma'a bayan masallaci ni da Mama za mu je wurin yayan nasa.